Ranar da Na Durƙusa wa Taubashina

Mutanen garinmu ba su saba sa lauya cikin cinikin gida ba. A Illela idan gida ya yi maka, dillali zai haɗa ka da mai shi, a kira mai unguwa da dattawa, a rubuta 'yar takarda, a yi addu'a, a raba goro, shi ke nan ka zama maigida. Ni ma da haka zan yi, in ba don abin da na ga ya sami maƙwabcin shagona ba. Bawan Allah ya sayi gidan gado, ya yi masa fenti, ya gina rijiya, sai ga wani magaji ya diro daga Abijan da 'yar jakarsa ya ce shi bai sayar da rabonsa ba. Aka yi ta jeka-ka-dawo a kotu har fentin ya koɗe.

Gidan da na samu shi ma na gado ne. Ɗakuna uku da zaure, da wata tsohuwar magarya a tsakar gida. Tun ranar da dillali ya tura ƙyauren na leƙa, na ji ya shiga raina. Maganin dabbobi nake sayarwa a wani ɗan shago kusa da kara, kasuwar dabbobi, kuma na daɗe ina tari, ina hana kaina tsire da shayin safe mai madara, saboda na gaji da gidan haya inda sai ka bi layi kafin ka shiga bayi. Babban magajin, wani dattijo mai sayar da albasa, ya yarda da ciniki. Ya ce makulli zai zauna hannunsa har sai kowane magaji ya sa hannu a takarda, ni ma na ce haka nake so.

A lokacin matata tana gidansu a Darna Sabon Gari, ta tafi goyon ciki na haihuwar fari. Ranar da na raka ta, bakina ya ja mini. Na ce mata in Allah ya sauke ta lafiya ta gama wanka, ba ɗakin haya za a mayar da ita ba, gidanta za a kai ta. Ita kuwa ta gaya wa innarta, innarta ta gaya wa duk wanda ya zo jan ruwa. Ban tsaya nan ba, na je na shaida wa mai gidan hayarmu cewa ya nemi wani, shi kuma bai ɓata lokaci ba ya ba wani mai canjin kuɗi alkawarin ɗakin.

Saura lauya. Ina da shi a gida, na ce wa kaina, me zai kai ni wurin bare? Ɗan kawuna ne, wato ɗan yayan mahaifiyata, yana da ofis a Sakkwato. Taubashina ke nan. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ke tsakanin taubasai. Tun muna yawo ba wando ban taɓa yi masa gaisuwar kirki ba, shi ma bai taɓa yi mini ba. Idan mun haɗu ni in ce masa bawana, shi ya ce mini bawansa, kuma har yau dangi ba su raba mana wannan gardama ba. Ya sha cire mini hula a tsakiyar kasuwa ya tafi da ita. Ni kuma ranar ɗaurin aurensa na ɓoye masa takalmi har sai da ya fanshe su. Zagin da zai sa wani ya kai ka wurin alƙali, tsakaninmu shi ne ina kwana.

Na shiga mota na same shi a ofis, na zube masa takardun rabon gado a kan tebur.

"Kai bawa, mi kaka yi da gida?" in ji shi. "Akurki ya ishe ka."

Na ce ai akurkin na bar masa, shi da ya fi kama da kaza. Ya yi dariya har da buga tebur, ya duba takardun sama-sama, ya ce aikin kwana biyu ne. Zai rubuta yarjejeniya, ya je kotun da ta raba gadon ya tabbatar ba a manta da kowa ba, sannan ya zo Illela magada su sa hannu a gabansa. Ya ce ko kwabo ba zai karɓa ba, don ubangida ba ya karɓar lada wurin bawansa. Na fito ina jin daɗi, ina ganin na yi wayo.

Kwana biyun nan sai suka fara haihuwa. In na kira shi yana kotu. In ya fito kotu wuta ta ɗauke. In wuta ta dawo mai buga takarda ta tafi biki. Akwai ranar da ya ce mini alƙalin ya tafi Umara, akwai ranar da ya ce ya rubuta komai tsaf amma yana cikin ɗayar motar, alhali duk dangi sun san motarsa ɗaya ce, ita ma sai an tura. Wani lokaci wayar ma ba ya ɗauka, sai can da yamma ya turo mini saƙon murya, rabinsa dariya, yana tambayata ko akurkin ya fara yoyo.

Ana cikin haka matata ta haihu, Allah ya ba mu 'ya mace. Ranar suna taubashina ya zo cikin farar shadda, ya ci naman suna fiye da kowa, ya leƙa jaririya ya ce Allah ya taimake ta ba ta ɗauko hancina ba. Na ja shi bayan rumbu na ce masa maganar gida fa. Ya ce in kwantar da hankalina, sati mai zuwa an gama. Da za mu tafi na je sallamar surukina, na durƙusa kaina a ƙasa. Dattijon ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mun ji an ce gida ya samu. Madalla." Na ce masa i, ya samu.

Daga nan na fara sintiri. Direbobin tasha suka san ni har suna ajiye mini gaba. Na san kowane rami tsakanin Illela da Gwadabawa, na san inda masu kankana ke tsayawa, na san inda barci ke ɗaukata. Kullum nakan bar gida da fushi na gaske, in tsara maganar da zan faɗa masa tun daga Kware. In na shiga ofis sai in sauke masa ita duka: malalaci, maƙaryaci, lauyan da ko akuya ba zai iya fitarwa daga turke ba. Shi kuwa sai ya jingina da kujera yana ƙyalƙyala dariya, ya rama mini da nasa. Sakatariyarsa, wata dattijuwa mai tabarau, ta saba da mu har in ta ga na shigo sai ta ajiye aikinta ta gyara zama. Masu jiran ganinsa su ma su yi ta dariya, wani har ya taɓa cewa Allah ya bar zumunci.

Abin da ya ɗaure ni ke nan. Da bare ne, kallo ɗaya zan yi masa ya san raina ya ɓaci. Amma wannan, duk yadda na ɗaga murya, wasa yake ji. In na ce masa wallahi da gaske nake, sai ya ce ai shi ma da gaske yake. Ba ni da wata kalma mai zafi da ban riga na ƙarar da ita a kansa tun muna yara ba.

Wata rana na ce bari in bi masa ta hanyar da ya sani. Ya shiga sallah, na ɗauke baƙar rigarsa ta kotu da farar hular nan tasu daga jikin ƙusa, na cusa a leda na kama hanyar Illela. Na aika masa cewa in yana son kayansa ya zo da takardata. Na rataye su a shago tsakanin maganin tsutsa da gishirin lasa. Ranar kasuwa wani Bafulatani da ke sayen magani wurina ya daɗe yana juya hular a hannunsa, sannan ya tambaye ni wace irin tunkiya ce wannan, kuma wace cuta ta kama ta. Shi kuwa gogan naka aron wasu ya yi wurin abokinsa ya shiga kotu, ya kuma bi dangi ɗaya bayan ɗaya a waya yana ba su labari, yana cewa bana bawansa ya ci shi wasa. Har kawuna sai da ya aiko a yi mini jinjina.

Ni dai dariyar ta fara fita daga raina. Arba'in na matsowa. Mai canjin kuɗin da aka ba ɗakina ya fara zuwa yana auna taga da igiya ina zaune. Sannan dattijon mai albasa ya tare ni a bakin masallaci, ya ce shi ba ya son ya saɓa alkawari, amma 'yan'uwansa sun matsa masa, kuma akwai wani Alhaji mai kai shanu kudu da ke son gidan, ba ruwansa da lauya. Ya ba ni zuwa kasuwa mai zuwa. Da na je Darna ganin jaririya, matata ta tambaye ni wane launi zan yi wa ɗakinta, don innarta na son ta sayi labule da zai dace. Na ce mata shuɗi. Da na hau babur zan dawo, sai na ji idona ya cika.

Washegari na koma Sakkwato da ledar kayansa. A mota ban tsara komai ba, don ba ni da sauran ƙarfin zagi. Na isa ƙofar ofis na yi sallama, abin da ban taɓa yi ba. Na cire takalmina a waje. Na shiga na durƙusa gaban teburinsa yadda nake durƙusa wa surukina.

"Ranka shi daɗe, Barista. An wuni lahiya? Ya aiki, ya iyali?"

Ya fashe da dariya, yana jiran ya ji inda zan ɓullo. Na ajiye ledar a gefen tebur da hannu biyu, na ce ga kayansu nan, a yi mini afuwa, kuskure ne. Na ce na zo ne in roƙi alfarma, in ba damuwa a ba ni takarduna in kai wa wani lauya, don na ga ayyuka sun yi musu yawa. Na ce kuma a faɗa mini abin da ya kamata in biya na wahalar da aka yi.

"Kai, bawan banza, tashi ka ba mutane wuri," in ji shi, amma dariyar ta rage.

"Allah shi huci zuciyarku," na ce.

Sakatariya ta sauke tabarau ta dube ni, ta dube shi, ta jawo takarda ta fara bugawa kamar ba ta wurin. Taubashina ya miƙe tsaye. Ya sake jefo mini wani zagin, wanda ya shafi kunnuwana, wanda bai taɓa faɗuwa ƙasa banza ba. Na ce masa gaskiya ne, haka Allah ya yi su. Sai na ga fuskarsa ta canza, ta koma irin ta ranar da aka yi rasuwar kakarmu.

"Mi niy yi ma?" ya ce a hankali.

Na ce ba komai, sai alheri. Ya ce takardun ba za su bar ofis ɗin ba. Na yi godiya, na ja da baya, na sa takalmina na tafi.

Wallahi ba dabara ba ce, gajiya ce da baƙin ciki. Amma kafin mu wuce Kware wayata ta yi ƙara, ta sake yi, ta sake yi. Mutumin da nake nema kamar ruwa a jallo, yau shi ke nemana. Na ɗauka na ce, "Na'am, ranka shi daɗe." Ya kashe. A nan ne na gane abin da na taka, kuma ba zan ɓoye ba, wani daɗi ya ratsa ni. Na ƙudura a raina cewa ladabin nan ba zan sake shi ba sai na ga makulli.

Ina isa gida na tarar Inna na nemana. Ashe har ya kai ƙarata wurin gwaggonsa. Na same ta a kan tabarma tana tsinar wake, ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Mi ɗan'uwanka yay yi ma da za ka tahi har wurin aikinai ka gaishe shi?" ta ce. "An ce har da duƙawa! Gaban mutane! Haka munka tarbiyyantar da ku?"

Na ce Inna, gaisuwa ce fa kawai. Ta ce in rufe mata baki, ita ta san gaisuwa ta san yankan zumunta. Yaron nan ya kira ta, ya ce ko abinci ya kasa ci. Na gaya mata halin da nake ciki, na ɗakin haya da na Alhaji mai shanu da na labule shuɗi. Ta ci gaba da juya waken a faifai. Can ta ce, "To, ƙara mashi kwana biyu. Amma kada ka wuce haka, yaron ba shi da ƙarhin zuciya."

Ba a kai kwana biyun ba. Ranar Asabar da hantsi ina buɗe shago sai ga motarsa, ana turo ta daga bakin tasha. Ya fito da jaka a hammata, idanu ja. Ya je kotun, ya duba komai, ya rubuta yarjejeniya, aikin da ashe wuni ɗaya ya ci masa. Muka bi magada gida-gida da shago-shago suna sa hannu. Ni ke buɗe masa ƙofa, ni ke riƙe masa jaka, in ya yi atishawa in yi masa addu'a. Kowane "ranka shi daɗe" sai na ga ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa.

Saura mutum ɗaya, wata tsohuwa da ke aure a wani ƙauye bayan Ƙwanni, a tsallaken iyaka, wadda sunanta ke cikin takardar kotu amma dillali bai taɓa ambatonta ba. Motarsa ba za ta iya yashin hanyar ba, don haka na goya shi a babur muka tsallaka iyaka. Lauya guda da takalmi sau-ciki, yana riƙe da kwankwasona, jaka na dukan bayansa. Duk ramin da na faɗa sai in ce, "A gafarce ni, Barista." Shi kuwa sai ya ce, "Don Allah ka bari."

Tsohuwar ba ta yi gaggawa ba, kuma na ji daɗin ganin an sa shi jira. Sai da ta dama mana fura, ta tambayi mutanen Illela ɗaya bayan ɗaya, rayayyu da matattu. Ta ce a ɗakin da ke kallon gabas aka haife ta. Ta ce magaryar nan innarta ce ta hana a sare ta, don haka ita sefa, kuɗinsu na can, ba ta dame ta ba, abin da take roƙo kada in sare. Na yi mata alkawari. Ta tambaya wane ne wannan mai jakar, na ce lauyana ne, babban mutum ne ƙwarai. Ya ce, "Inna, taubashina na, hushi shika yi da ni." Tsohuwa ta dube mu ta yi dariya har da tari, sannan ta miƙa babban yatsanta ya shafa masa tawada ta dangwala.

Ranar kasuwa da yamma dattijon mai albasa ya damƙa mini makulli a gaban mai unguwa, aka yi addu'a aka raba goro, kamar dai yadda kowa ke yi. Taubashina ya wuce Sakkwato da takardun don a buga musu hatimi. Ni kuma na kwashi kwanakin da suka rage ina fenti da hannuna. Shuɗin ya fi wanda na yi niyya kauri, har yau in baƙo ya shiga ɗakin sai ya ɗan tsaya.

Ranar da aka dawo da matata, gwaggwanninta suka cika mota da gara da kwanuka da guɗa. Na yi sabon ɗinki, na sayi sababbin takalma, na cire su a bakin zaure ina shimfiɗa wa baƙi tabarmi. Matata ta shiga da 'yarmu a kafaɗa, ta tsaya ƙarƙashin magarya tana kallon ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Saboda idon manya sau ɗaya kawai ta dube ni, amma wannan kallon ya biya ni duk zirga-zirgar da na yi.

Sai aka ce ana sallama da ni. Na fita na tarar da shi tsaye cikin rana, da babban ambulan a hannu. Na ce ya shigo. Ya ce ba ya shiga.

"Ga takardarka, ta kammala. Amma ƙahwata ba ta taka gidanga sai ka zage ni."

Na buɗe baki in ce ranka ya daɗe, don in ɗan ƙara ja masa rai, sai na ga yadda ya tsare ni da ido yana jira. Wannan mutumin tare aka yi mana kaciya, tare muka ci duka a makarantar allo.

"Shigo, malalacin bawa," na ce. "Wa ka tsaya shi share mani tsakar gida?"

Ya yi wata irin ajiyar zuciya, ya goge ido da hannun riga ya ce ƙurar fentina ce mai arha. Ya ce gidan bai fi akurki da komai ba, kuma Allah ya sa 'yar ta gaji kunnuwan uwarta. Ya dangwara mini ambulan a ƙirji, ya shiga ya gaida mata, ya ci tuwo malmala biyu. Da zai tafi ban raka shi ba, don ba a raka bawa.

Sai da aka ce ga surukina ya iso, na ruga zaure in tarye shi, na nemi sababbin takalmana na rasa. Can ƙarshen lungu na hango taubashina yana tafiya da su a hammata, ko waiwaye ba ya yi. Haka na fita na tari dattijon ba takalmi, ƙasa ta ɗauki zafin rana tana gasa mini tafin ƙafa. Ya dubi ƙafafuna, ya dubi ƙofar gidan, ya ce, "Madalla." Na shigo da shi, ina tafe ina taka ƙasar gidana, ban ko nemi inuwa ba.